Gargaɗi ga masu jinyar ciwon laka da shanyewar jiki: ɗigar fitsari na iya cinye ƙoda

Jama'a, maganar nan ta gaggawa ce. Ta shafi duk gidan da ke da majinyacin da ya ji rauni a laka, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko tarin fuka ya ci masa ƙashin baya, ko yake fama da cutar karkarwa ta Parkinson, ko kuma yaron da aka haifa da ƙari a gadon bayansa. In har fitsari yana kufce wa irin wannan majinyaci, ko matsuwa tana zo masa farat ɗaya ya jiƙe kafin ya kai banɗaki, to kada ku tsaya ga shimfiɗa leda da sayen famfas. Ku kai shi wurin likitan mafitsara cikin makon nan, ku roƙi a duba mafitsarar, a kuma duba ƙodojinsa. Abin da idonku ke gani a kan katifa shi ne ƙaramin sashen matsalar. Babban sashen yana can ciki, ba ya zarni, sau da yawa ba ya ko ciwo, kuma shi ne mai kisa.

Ga yadda abin yake. Ƙodoji biyu suna tace jini dare da rana, suna fitar da fitsari kamar lita 1 zuwa 2 a kowace rana, ya gangaro ta siraran bututu biyu ya taru a mafitsara. Mafitsarar baligi tana ɗaukar mililita 400 zuwa 500, wato kusan cikin ledar fiya wota guda. Jikinta tsoka ne, kuma a bakinta akwai wata tsokar mai kama da zobe da ke tsuke hanya. Muddin tana cika, jikin nata yana saki, zoben yana riƙe. Sai mutum ya samu wurin da ya dace, ƙwaƙwalwa ta ba da izini, sannan jikin ya matsa, zoben ya buɗe, su biyun a tare. Duk wannan aike da amsa ta cikin laka yake bi. Idan laka ta ji rauni ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, saƙon "dakata tukuna" ba ya isa. Sai mafitsara ta koma irin ta jinjiri, da ta ɗan ji ruwa sai ta matsa da kanta, ba ruwanta da ko mutum yana kan sallaya ne ko yana cikin mota. Wannan shi ne abin da likitoci ke nufi da mafitsara mai zalama ta dalilin ciwon jijiya. Ƙazanta ko lalaci ba su da hannu a ciki, kuma faɗa ba ya gyara ta.

Ga masu raunin laka da yaran da aka haifa da ƙari a baya, akwai abin da ya fi wannan muni. Sau da yawa mafitsara tana matsawa da ƙarfi a daidai lokacin da zoben ya ƙara tsukewa. Ku kwatanta da mutumin da ya toshe bakin tiyo da babban yatsa alhali famfo yana buɗe. Ɗan abin da ya fi ƙarfin zoben shi ne yake tsartuwa waje, shi ne kuke wankewa. Sauran ya rasa mafita, matsi ya hau, fitsari ya riƙa komawa sama ko ya kasa saukowa daga ƙoda. Ƙoda ta kumbura, naman da ke tace jini ya riƙa sirancewa a hankali. Tun a 1981 wani likita a Amurka, Edward McGuire, da abokan aikinsa suka nuna a kan yara masu wannan lalura ta haihuwa cewa idan matsin cikin mafitsara ya haura santimita 40 na ruwa kafin fitsari ya ɗiga, ƙodoji suna cikin haɗari. Har yau likitocin mafitsara suna aiki da wannan ma'auni. Abin tsoron shi ne ƙoda takan yi asarar mafi yawan ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Ranar da ƙafa ta kumbura, amai ya zo, jini ya ragu, an riga an yi nisa. Daga nan sai maganar wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kuma kowa ya san gidaje nawa ne a cikinmu za su iya jure wannan kuɗi na wata uku kacal.

Ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko mai Parkinson, yawanci haɗarin ƙoda bai kai haka ba, don mafitsara da zoben suna ci gaba da aiki tare. Nasu haɗarin daban ne. Dattijo ya zabura da tsakar dare zai ruga banɗaki da ƙafar da ba ta ɗaukarsa, ya zame, ƙugu ya karye. Ko fitsari ya riƙa saura a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Kusan rabin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a asibiti suna fama da kufcewar fitsari a kwanakin farko. Da yawa suna samun sauƙi cikin watanni, musamman in an kula da su da wuri.

Duniya ta taɓa biyan wannan darasi da rayuka masu yawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da harsashi ya taɓa wa laka sun mutu cikin makonni ko watanni, kuma cutar hanyar fitsari da gyambon kwanciya ne suka ɗauke da dama daga cikinsu. A 1944 Dakta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya dage a kan juya majinyaci a kai a kai da kwashe masa fitsari a kan lokaci, sai ga mutanen da aka yanke wa ƙauna suna rayuwa shekara da shekaru. A 1972 kuma Dakta Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna cewa majinyaci da kansa, a gidansa, da wankakken hannu da tsaftatacciyar robar da ake zurawa ta hanyar fitsari, zai iya kwashe fitsarinsa sau da yawa a rana ya tsira da ƙodarsa. Yau fiye da shekara 50 ke nan da sanin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya. Namu suna cikinsu: wanda babur ya kayar, direban da motarsa ta ƙwace a hanyar Kano zuwa Zariya, mahaƙin rijiya da ƙasa ta rufta wa, yaron da ya faɗo daga kan mangwaro, wanda 'yan bindiga suka harba a gona. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawansu ana sallamarsu daga asibiti da keken guragu da takardar gashin ƙashi, ba wanda ya zaunar da iyalinsu ya yi musu bayanin mafitsara.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne kaɗai ke hana zuwa wurin likita, domin kuɗin ana kashe shi ko an so ko ba a so. Ku zauna ku yi lissafin wata guda. Famfas na manya, omo, sabulu, turaren kashe zarni, katifar da ta ruɓe aka sake. Kemis yau, kemis jibi. Zazzaɓi ya zo a ce maleriya ce, a yi allura, ya lafa kwana huɗu ya dawo. A ce taifot ce, a sake wani zagayen. Ran nan da dare majinyaci ya fara rawar ɗari yana sambatu, a nemi mota a guje zuwa sashen gaggawa, a kwana goma ana ƙarin ruwa. A sallame shi, a koma gida da mafitsarar nan yadda take, bayan wata biyu a sake dawowa. Ga mai jinya, wadda galibi uwa ce ko mata ko 'ya, ta bar sana'arta ko makarantarta tana wanki daga safe har dare. Majinyacin jijiya da fitsari ke kufce masa ya fi wanda aka shawo kan nasa yawan zuwa asibiti, ya fi shi yawan kwanciya, ya fi shi shan magani. Sai dai duk zirga-zirgar tana ƙarewa ne a kan kashe gobara, tushen wutar kuwa ba a taɓa shi ba. Zuwa uku ko huɗu da aka tsara a wurin likitan mafitsara sun fi wannan wahala sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware, musamman game da mata. Mu nan da an ce yoyon fitsari, hankali yana tafiya ne ga wanda doguwar naƙuda ke jawowa, inda ake samun huda tsakanin mafitsara da farji, irin wanda ake ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano. Wancan huda ce, aiki ne maganinta. Wannan da muke magana a kai babu huda, jijiya ce ta daina isar da saƙo, kuma yana samun maza da mata, yara da manya. Haka nan ya bambanta da tsargiya, ya bambanta da kumburin nan da ke toshe wa dattawa maza hanyar fitsari, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa biyu. Shi ya sa sai an gwada. Maganin da zai taimaki wani yana iya ɗaure wa wani fitsari gaba ɗaya.

Kuskure na farko da ake yi a gidaje, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa, shi ne hana majinyaci ruwa. Shi ma da kansa yakan ƙi sha don kada ya ɗora wa mutane wanki. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ganganci ne da rai. Fitsari yana yin kauri, ya ƙara tsokanar mafitsara, ƙwayoyin cuta su yawaita, tsakuwa ta fara taruwa, bayan gida ya yi tauri ya danne mafitsarar. In likita bai hana ba, a sha kamar lita ɗaya da rabi zuwa 2 a rana, a rarraba shi, a rage daga magariba. Abin da ya kamata a rage shi ne goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba masu sa kuzari, don suna ƙara wa mafitsara zalama. Batun azumi kuwa, a tambayi likita a tambayi malami kafin wata ya kama.

Na biyu shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba gwaji. Da fitsari ya yi duhu ko wari sai a ce sanyi ne, a sayo ciprofloxacin ko Ampiclox, a sha kwana biyu a ajiye. Ku sani, kusan duk mai amfani da robar fitsari za a samu ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, kuma in babu zazzaɓi ko wata alamar rashin lafiya, likitoci ba sa ba da magani a kan wannan. Shan da ake yi barkatai yana koya wa ƙwayoyin jure magani ne, har ranar da cutar gaske za ta hau ƙoda a rasa abin da zai kashe ta sai allura mai tsadar gaske. Haka jiƙe-jiƙen maganin sanyi da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa. Ba wanda ya san abin da ke cikin jarkar, kuma ƙodar da ta riga ta jigata ita za ta tace shi. A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hanawa, amma a haɗa da asibiti.

Na uku, robar da aka saka aka manta. Robar zama tana da wa'adi, yawanci mako 4 zuwa 12 gwargwadon irinta. In ta wuce, gishiri yana daskarewa a jikinta, ta toshe, tsakuwa ta fito, wani lokaci ma ta tsaga hanyar fitsarin namiji. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta zauna ƙasa da mara kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada tiyon ya lanƙwashe ƙarƙashin cinya. Kada kowa ya fizge robar, akwai ƙaramin balan-balan da ke riƙe da ita a ciki, sai an zuƙe ruwansa. Kuma don Allah kada a ɗaure gaban majinyaci da ƙyauro ko zare don tsayar da ɗiga. Mutumin da ba ya ji daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ce muku yana ciwo ba, sai dai ku kwance ku tarar nama ya mutu.

Magani kuwa akwai. Likita zai fara da gwajin fitsari, gwajin jini na aikin ƙoda, da hoton ƙoda da mafitsara, a kuma auna abin da ke saura bayan an yi fitsari. Inda akwai na'ura, ana yin gwajin da ke auna matsin cikin mafitsara yayin da take cika. Daga nan akwai ƙwayoyi masu kwantar da mafitsara irin su oxybutynin, tolterodine da solifenacin. Suna busar da baki, suna ƙulle ciki, kuma oxybutynin yana iya rikita tunanin tsofaffi, don haka kada a saya da ka. Akwai mirabegron, wanda shi kuma sai ana lura da hawan jini. In ƙwayoyi sun gaza, ana yin allurar Botox a jikin mafitsara ta cikin na'urar leƙe. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan lalura a 2011, kuma amfaninta yakan kai wata 9 kafin a sake. Tana da tsada, ba ko'ina ake yi ba. Wasu ƙalilan sai an yi musu aikin faɗaɗa mafitsara.

Amma ginshiƙin duka, ga mai raunin laka da yaron da aka haifa da lalurar, shi ne kwashe fitsari da 'yar siririyar roba sau 4 zuwa 6 a rana. A wanke hannu da sabulu, a shafa wa robar man da likita ya nuna, a zura, fitsari ya fita tas, a zare. Minti biyar ya isa. Ba a barin abin da ya taru ya wuce mililita 500. Na san jin wannan kaɗai yana sa tsikar jiki ta tashi, kuma iyaye mata da yawa sukan ce ba za su iya yi wa ɗansu ba. Suna iyawa. Ma'aikaciyar jinya tana koyarwa cikin zama ɗaya ko biyu, kuma yaro mai lafiyar hannu yakan karɓi aikin da kansa tun yana firamare. Da wannan ne mutum yake bushewa, ya saka kaya masu kyau, ya koma kasuwa ko aji.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai, jini a fitsari, ko majinyaci ya rikice ya daina gane mutane. Roba ta daina zubar da fitsari mara kuma ta kumbura. Mai ciwon baya da ya wayi gari fitsari ya ɗauke ko yana zuba bai sani ba, matsematsinsa ya mutu, ƙafafu suka yi nauyi: wannan jijiyoyi ne aka danne, awanni ake ƙirgawa, a kai shi babban asibiti nan take, kada a bi ta wurin mai ɗori.

Sai alamar da kowane mai jinya ya wajaba ya haddace. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, in mafitsararsa ta cika ko roba ta toshe, jininsa yana iya hawa cikin 'yan mintuna. Zai ce kansa yana sarawa kamar zai tsage, fuska da wuya su yi gumi, hanci ya toshe, gani ya dushe. Irin waɗannan majinyata jininsu a ƙasa yake zama, kamar 90 zuwa 110, saboda haka 140 ma a wurinsu tashin hankali ne. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafunsa, a sassauta tufafi da duk abin da ya matse, a miƙe tiyon in ya lanƙwashe, a kwashe fitsarin. In bai sauka ba cikin 'yan mintuna, a ruga asibiti a gaya musu a fili cewa mai raunin laka ne kuma jininsa ya hau. Wannan yanayi yana jawo farfaɗiya, zubar jini a ƙwaƙwalwa, har mutuwa.

Ban manta da abin da ya fi komai nauyi a zuciyar majinyatan ba. Magidancin da ya saba sahun gaba ya daina zuwa masallaci. Wata ta daina sallar gaba ɗaya, tana kuka a ɓoye, tana ganin ba ta da tsarki. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan lalura, suna kiranta salisul bauli, kuma littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai ita a alwala da salla. A je a tambayi malami, kunya ba ta cikin neman sani. Ku kuma 'yan gida, ku kiyaye harshenku da fuskarku. Tsaki ɗaya a lokacin canza zanin gado ya isa ya sa dattijo ya daina shan ruwa, ya daina faɗin abin da ke damunsa. A wanke fata da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a tsane ta, a shafa mai, a juya wanda ba ya motsi duk bayan awa 2, domin fatar da ta kwana cikin fitsari ita ce ke fara gyambo.

Inda za a nufa: a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam da Asibitin Ƙashi na Dala. Akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi. Wanda ke ƙauye ya fara da babban asibitin da ya fi kusa, ya nemi takardar turawa. Ga hukumomi kuma, Nijeriya ta sa hannu a dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2019, ta kuma kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022. Muna roƙon a sa robar kwashe fitsari, magungunan mafitsara da hoton ƙoda na shekara-shekara cikin abin da inshorar jihohi ke biya, kuma kada a sallami mai raunin laka daga kowane asibiti sai an koya wa iyalinsa kula da mafitsara.

Kafin ranar ganin likita, ku samu littafi da kofin awo, ku yi kwana 3 kuna rubutawa: ƙarfe nawa ya sha ruwa, nawa ya sha, ƙarfe nawa ya yi fitsari, nawa ya fita, sau nawa ya jiƙe, famfas nawa aka canza. Ku tafi da duk kwalayen maganin da yake sha, har na gargajiya. Ku tambayi likita kai tsaye: nawa ke saura a mafitsara, yaya ƙodojin suke, yaushe za a sake hoto. Ga mai raunin laka, a duba ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. In an ce ku dawo bayan wata 6, ku dawo, ko da ɗigar ta tsaya cak.